Idan Tsohon Ciwo Ya Tashi, A Binciki Abin Da Ya Tashe Shi

A Obalende da Agege, kamar a Kano, akwai dattijon da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ya warware har yana takawa masallaci da sanda, sai rana guda a wayi gari hannun ya sake saki, harshe ya yi nauyi. 'Yan ɗaki su ce ciwonsa ne ya tashi, wani ya ce iska ce ta dawo. Ba kasafai ake tambaya ko ya kwana da zazzaɓi ba, ko fitsari na yi masa zafi. Sau da yawa kuwa amsar tana nan.

Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya farfaɗowa. Abin da ke faruwa shi ne jijiyoyin da ke kusa su raba aikin a tsakaninsu. Duk wanda ya zauna a Legas a 2020, lokacin da aka rufe wani sashe na gadar Third Mainland don gyara, ya ga irin wannan: motoci sun koma ƙananan hanyoyi, ana tafiya, amma danfo ɗaya ya mutu a tsakiyar titi, kowa ya tsaya. Haka ƙwaƙwalwar da ta taɓa rauni take, tana aiki ba tare da rara ba. Zafin jiki, da sinadaran da jini ke fitarwa don yaƙar ƙwayar cuta, da ƙarancin gishiri ko sukari a jini, da rashin barci saboda raɗaɗi, kowannensu ya isa ya tsayar da ita.

Likitoci sun daɗe da lura. Tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya rubuta cewa wasu masu ciwon jijiya ganinsu na dushewa idan sun motsa jiki, ya kuma dawo idan sun huta. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi. A 2017 likitocin asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka suka wallafa bincike kan waɗanda alamomin shanyewarsu suka dawo alhali hoton ƙwaƙwalwa bai nuna sabon rauni ba. Cikin abubuwan da suka gano akwai kamuwa da ƙwayar cuta, faɗuwar bugun jini, ƙarancin gishiri, da rashin barci. Yawancin majinyatan sun koma yadda suke da aka magance sanadin.

Farfaɗiya ta fi kusa da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da ita, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata. To amma mai shan maganin, idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi yana amai, ƙwayar da ya haɗiya ba ta zauna ba, ga zafin jiki, ga rashin barci. Sai ya faɗi, a ce maganin asibiti bai yi ba, a ajiye shi. Wannan ajiyewar ta fi zazzaɓin haɗari.

Sai batun raɗaɗi, wanda a ganina nan ne matasanmu suka fi cutuwa. Ɗan dako ko ɗan acaba da ya taɓa buga kai a hatsari, ciwon baya ko ciwon haƙori ya hana shi fita nema, sai ya tura kemis a sayo masa tiramadol. Wannan ƙwaya tana iya jawo jijjiga ko ga lafiyayye idan ya zarce ƙima, balle mai tabo a ƙwaƙwalwa. Raɗaɗin ya hana barci, maganin raɗaɗin ya ƙarasa.

Tsofaffi kuma nasu ya fi ɓoyuwa. Ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko kwana huɗu ba bahaya, na iya sa tsohuwa ta ruɗe cikin dare ɗaya, ta daina gane jikokinta. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya ciwo ne a jiki, kuma akasari yana da magani.

Sai dai babu mai iya bambance tsohuwar shanyewa da sabuwa daga kan tabarma. Baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko jijjiga ta wuce minti 5, asibiti za a nufa nan take: Babban Asibitin Legas da ke Odan bai da nisa da Obalende, mutanen Agege kuma suna da asibitin Orile-Agege da asibitin LASUTH a Ikeja. Kada a cusa cokali a bakin mai jijjiga, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi ta gefe. Wanda zai raka shi ya tafi da kwalayen duk magungunan da yake sha, har da na kemis da na gargajiya, ya kuma gaya wa likita ranar da zazzaɓi ko raɗaɗin ya fara.