Kurakuran Star Trek da wayarka ke tona wa asiri

Lokacin da tashar NBC ta Amurka ta fara haska shirin Star Trek a shekarar 1966, babu mai iya tsayar da hoto ko mayar da shi baya. Talabijin ɗin wancan zamani ƙarami ne, hotonsa kuma dishi-dishi, don haka kuskure kan wuce ba a gani ba.

Amma an ɗauki shirin ne a kan fim mai faɗin milimita 35. Da aka sabunta shi zuwa HD daga 2006, sai komai ya fito fili.

A kashin "Where No Man Has Gone Before", an rubuta "James R. Kirk" a kan dutsen kabari, alhali sunan kyaftin ɗin James T. Kirk ne. A "The Enemy Within", yakushin da ke kuncin mugun Kirk ya koma ɗaya kuncin gab da ƙarshe. A faɗan Kirk da Khan cikin "Space Seed" kuwa, tsayar da bidiyon ka ƙara girman hoton: za ka ga fuskar wani ce daban, wanda ya tsaya wa William Shatner a wuraren dambe.

Idan kana ɗaukar bidiyo da waya, ga darasi. Kafin a tashi daga kowace fitowa, ɗauki hoton kaya da kwalliyar ɗan wasa, domin masu kallo yanzu ba sa yafiya.