Ƙasar atamfa da kwale-kwale

Duk macen da ta taɓa haɗa lefe, ko ta je ganin na wata a Yekuwa, ta san sunan Holan. Turmin atamfa ne da ake ɗagawa a murza, a duba bakinsa don a tabbatar ba jabu ba ne. Mai shayi ma ya san ƙasar ko da bai san ya sani ba, domin madarar Peak da yake hudawa da tsinin wuƙa ta kamfanin FrieslandCampina ce, kuma asalinsa can ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙasar da waɗannan sunaye suka fito a bakin ruwa take tsugune, wani sashenta ma ruwan ya fi shi tudu. Kuma mutanenta in sun tashi hutawa, kan ruwan nan suke hawa.

Magidanci ya gama aikin mako, ranar Asabar sai ya kwashi iyalinsa da ɗan burodi da cuku su shiga ƙaramin jirgi. Ba su za su yi ba, ba kasuwa za su ci ba, ba wani gari za su ƙetara ba. Su yi ta yawo har la'asar, su dawo daidai inda suka tashi. In ka ba dattijon da ke zaune gindin gawo a Dungas wannan labari, cewa zai yi ƙoshi ne ya yi musu yawa. Da gaskiyarsa, sai dai ƙoshin nan yana da tarihi, kuma tarihin cike yake da gawawwaki.

Holan ƴar ƙarama ce. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 42,000 ba, wato jihar Damagaram kaɗai ta kusa ninka ta huɗu, amma mutum wajen miliyan 18 ne a cikinta. Kashi 26 cikin ɗari na ƙasarta yana ƙasa da fuskar teku. Ruwan saman da take samu a shekara bai fi na Kano da wani abin kirki ba. Matsalarta daga waje take zuwa: teku ta yamma da arewa, sannan manyan koguna irin su Rhine da Maas da ke kwaso ruwan wasu ƙasashen Turai su zo su juye ta cikinta.

Mu nan da muka ji tsoron mahara, ganuwa muka yi. Wanda ya san Birnin Damagaram ya san ragowar wadda aka gina zamanin Sarki Tanimun. Su ma ganuwa suka yi, amma abokin gabarsu ba ya janye yaƙi, ba ya karɓar sulhu. Sai su kewaye fadama ko tabki da tudun ƙasa, su kwashe ruwan da ke ciki su zuba a magudana, wurin ya bushe ya zama gona. Da can iska ce ke yi musu wannan ɗiba, da manyan injuna masu fukafukai. A Kinderdijk har yau akwai 19 a tsaye, mafi yawansu tun wajen 1740. Yanzu famfunan lantarki ne, kuma ba a barin su su yi barci, don in sun daina aiki ruwa zai dawo ya karɓi kayansa. A 1932 suka kammala wata ganuwa mai tsawon kilomita 32 da ta toshe bakin wani ɓangaren teku, ruwan gishiri ya koma tabkin ruwan daɗi. Daga cikin tabkin nan suka ƙwato filin da ya zama jiha sukutum, Flevoland, a 1986.

Duk da haka ruwa ya shammace su. Daren 31 ga Janairu wayewar 1 ga Fabrairun 1953, guguwa ta haɗu da cikar teku, ganuwoyin kudu maso yamma suka ɓalle mutane na barci. Mutum 1,836 suka mutu, ban da dubban dabbobi. Daga nan aka shiga aikin Delta, jerin madatsai da ƙofofin ƙarfe da aka yi shekara arba'in da wani abu ana ginawa, har zuwa 1997 da aka gama ƙatuwar ƙofar da ke tsare hanyar tashar jiragen Rotterdam.

Ni dai ba kankare da ƙarfen ne suka fi ɗaukar hankalina ba. Wanda ke da gona a bayan ganuwa ya san in maƙwabcinsa ya yi sakaci da nasa ɓangaren, su duka ruwa zai ci. Wannan ne ya tilasta musu yin gayya mai doka. Tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa, ta yankin Rijnland ma tun 1255 take da takardar izininta. Yau guda 21 ne. Suna da harajinsu dabam da na gwamnati, ana zaɓen wakilansu duk shekara huɗu, kuma aikinsu ɗaya ne: ganuwa, magudana, tsabtar ruwa, da yawan ruwan da ya kamata ya tsaya a kowane yanki. Gwamnati ta faɗi ko ta tashi, mai duba ganuwa yana nan yana zagaye.

Sai da wannan ya kafu sannan wasa ya samu wuri. Magudanan da aka haƙa don kore ruwa da jigilar kaya suka zama hanyoyi, kowane gari ya haɗu da ɗan'uwansa. A ƙarni na 17, lokacin da fataken Amsterdam suka yi kuɗi da cinikin teku (har da cinikin bayi, kada a manta), suka haƙa magudanan nan da ke zagaye birnin kamar awarwaro, suka kuma fara ƙera jirage marasa nauyi don shan iska kawai. A 1660 suka ba Sarkin Ingila Charles na Biyu kyautar irin wannan jirgi, kuma sunan da Ingilishi ke kiran jirgin shaƙatawa da shi daga harshensu aka are shi. A jihar Friesland, wadda kamfanin madarar nan ya ɗauki sunanta, duk shekara ana tsere da tsofaffin jiragen da a da suke dakon taki da ƙasa zuwa gonaki. A tsohon ƙauyen Giethoorn kuwa, akwai gidajen da mota ba ta isa ƙofarsu, sai jirgi ko ƙafa. Wasan ma da ƙa'idarsa: jirgin da ya kai mita 15, ko yake gudun da ya wuce kilomita 20 a awa, sai mai lasisi zai tuƙa shi.

Kada mai karatu ya ɗauka mu baƙin ruwa ne. Ƙasar Magariya da Dungas tana cikin wuraren da Allah ya yi wa sauƙi a Nijar. A kwarin Korama ba ka yin nisa da haƙa sai ka tadda ruwa, shi ya sa rake da kayan garka suke fita daga yankin. Akwai tabkin Lassuri da na Gidimuni a jiharmu, akwai na Madarunfa a Maraɗi, da masuntansu. Wasan ruwa ma muna da namu. A bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, akwai kabanci: tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwa. Yawuri na da nata bikin, Rigata. Sarkin Ruwa sarauta ce tsohuwa, kuma mai ita ya san inda zurfi yake da lokacin da ba a shiga.

Bambancin shi ne ruwanmu baƙo ne. Ya zo da damina, ya cika tabkuna da kududdufai wata uku ko huɗu, ya tafi. Wanda ke zuwa yana tafiya ba a yi masa shiri na dindindin, sai ya zo da fushi a shiga salati. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Kwale-kwale kuwa a wurinmu jakin ruwa ne, ana labta masa har sai bakinsa ya kusa shan ruwa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ƴan makarantar Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi.

Nan ne wata al'adar mutanen Holan ta fi tsaya mini a rai. Yaron Holan yana ɗan shekara biyar ko shida ake kai shi koyon iyo, yawanci da kuɗin iyayensa, ya ci jarrabawa a ba shi takarda mataki-mataki, A, B da C. Cikin jarrabawar har da faɗawa ruwa da riga da wando da takalmi, don wanda tsautsayi ya jefa a magudana ba ya samun damar tuɓewa. Har da nutsewa a ratsa ta wata ƙofa da aka huda a jikin tamfol a ƙarƙashin ruwa. Mu kuwa da muna yara, dukan tsiya ne maganin zuwa tabki. Ka dawo gida ido jawur, a ja farce a ƙwaurinka, in ya yi fari ka shiga uku. Bai hana mu zuwa ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi kawai shi ne muka koma zuwa a ɓoye, da tsakar rana, lokacin da babu babba ko ɗaya a bakin ruwa. An ce iya ruwa fid da kai, amma wa ya zauna ya koya mana iyawar? Iyayenmu ba su yi laifi da suka ji tsoro ba, don bayan nutsewa akwai tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini, kuma ruwan kwance ne gidanta. Ɗan Holan ba ya fama da ita. Saboda haka ba kowane kududdufi ne wurin koyo ba, kuma wanda zai ce a koya wa yara iyo a Yekuwa dole ya fara da tambayar a wane ruwa, da kuma wane babba zai tsaya a kansu.

Su ma can Holan lissafi ya soma canza musu. Teku na ƙara tasowa, ƙasar da suka busar tana lotsawa. Bayan da cikar koguna ta sa aka kwashe mutum 250,000 daga gidajensu a 1995, sai suka koma matsar da wasu ganuwoyi baya don kogi ya samu wurin miƙe ƙafa. Sannan ga wani baƙo da mu muka fi su saninsa, wato fari. A Agustan 2022 gwamnatinsu ta fito ta ce ƙasar na cikin ƙarancin ruwa. Tun kafin nan, a Agustan 2003, wata ganuwa a ƙauyen Wilnis ta bushe ta yi sakayau, ruwan magudana ya ture ta cikin dare ya shiga gidajen mutane, alhali ba a yi ruwan sama ba. Shi ya sa yanzu in zafi ya daɗe, za ka ga ma'aikatan majalisar ruwa cikin jirgi suna bin gefen irin waɗannan ganuwoyi da mesa, suna yi musu ban ruwa kamar mai garkar albasa.