Mene Ne Rebozo, Mayafin Matan Meksiko?

Wata mai sauraronmu, mai sayar da gyale da atamfa a kasuwar Funtuwa, ta aiko tana tambaya: wai wane irin mayafi ne matan ƙasar Meksiko ke goyo da shi, kuma me ya sa suke ji da shi haka?

To, Hajiya, sunansa rebozo, daga kalmar Sifaniyanci mai nufin rufewa ko lulluɓewa. Dogon mayafi ne, tsawonsa yakan kai mita 2 ko fiye, da geza a bakinsa biyu. Ya samu ne bayan da Sifaniyawa suka ci ƙasar da yaƙi a 1521, inda saƙar mutanen ƙasar ta gauraya da ta baƙi.

Amfaninsa kuwa, ai mayafi ɗaya ne ke aikin gyale da majanyi da gammo. Mace ta rufe kai da shi in za ta coci, ta goyi ɗanta, ta ƙunshe masara zuwa kasuwa. Ungozoma kan naɗa shi a ƙugun mai ciki, tana jijjigawa a hankali don rage mata ciwon baya. Akwai baƙi na makoki, a wasu garuruwan ma da shi ake lulluɓe gawar mace. Ke nan tun daga goyo har kabari yana tare da ita. A juyin juya halin da ya ɓarke a 1910, matan da suka bi mayaƙa da shi suka riƙa ɗaukar 'ya'ya da guzuri.

Yanzu ga abin da ya shafi ɗan kasuwa. Na ainihi da hannu ake saƙa shi. Akan ɗaure zaren wuri-wuri, a tsoma a rini, wani lokaci baba irin ta marinarmu, sannan a kwance a saƙa, sai zane ya fito. Gezar kuma mata ke ƙulla ta da yatsa, wani lokaci har makonni. Garin Tenancingo ya yi suna a na auduga, Santa María del Río kuwa a na siliki, mai laushin da yakan ratsa ta cikin zobe.

Sai dai na inji mai araha ya cika kasuwa, masaƙa na raguwa, matasa na barin sana'ar, kamar dai yadda ya faru da masaƙanmu. In ya shigo hannunki, Hajiya, dubi ƙullin gezar da kyau kafin ki yi ciniki, don nan aikin yake.

Da fatan kin gamsu. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi.