Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Labarin Likita Mantel da Matarsa

 Duk wadda ta taɓa zuwa tsinkar auduga ko roron gyaɗa a gonakin Funtuwa da Malumfashi ta san akan yi tuntuɓe da tsingaro a kufai, ko ɗan dutsen nan mai santsi da mu ke kira gatarin aradu. Masana sun ce ba aradu ce ta jefo shi ba, mutanen da can ne su ka wasa shi su ka yi sara da shi, tun ba a san ƙarfe ba. To, yau zan ba ku labarin wani likita da irin wannan tsintuwa ta ɗaukaka sunansa, ta kuma raba shi da iyalinsa.

Sunansa Gidiyon Mantel. An haife shi a 1790 a wani ƙaramin gari, Luwis, a kudancin Ingila. Ubansa baduku ne mai ɗinkin takalma. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi koyon aiki wurin likitan garin, ya kuwa sami takardar shaidar likitan fiɗa a 1811. Ya komo gida ya na fiɗa, ya na karɓar haihuwa, har a shekara guda yakan karɓi haihuwa 200 zuwa 300. Amma da zarar ya sami sarari sai ya nufi tuddai ya na tonon kaburburan mutanen da, ya na tara tukwanensu, ko ya shiga ramin masu fasa dutse neman ƙasusuwan dabbobin da su ka shuɗe.

A 1816 ya auri Meri An. Ita fa ba ta tsaya kallo ba. Littafin da ya buga a 1822, da hannunta ta zana hotunan da ke ciki. An kuma ce ita ce ta tsinci waɗansu manyan haƙora a bakin hanya, sa'ad da ta ke jiransa ya gama duba majinyaci. Da fari wani babban masani a Faris ya ce haƙoran karkanda ne. Mantel bai yarda ba, ya yi ta kwatance har ya ga sun yi kama da na iguwana, wani ƙadangare mai kamar damo, sai dai sun ninka su girma nesa ba kusa ba. A 1825 ya raɗa wa dabbar suna Iguwanodon, ɗaya daga cikin dinoso na farko da duniya ta sani.

Daga nan ne fa aka fara samun matsala. A 1833 ya kwashe iyali zuwa Burayton, ya cika gida da duwatsu da ƙasusuwa. Masu kallo su ka yi ta zuwa, majinyata kuwa su ka ja baya. Aka mai da gidan wurin ajiyar kayan tarihi, uwargida da yara su ka koma haya. Bashi ya ci shi, tilas ya sayar da kayan ga babban gidan tarihi na Landan a kan fam 4,000. A 1839 Meri An ta bar gidan, 'ya'ya kuma su ka zauna hannun uba, don haka dokar ƙasar ta ke a lokacin. A 1841 ya yi haɗari a keken doki, gadon bayansa ya taɓu, ya dinga shan ofiyom don rage zafi, shi ne kuwa ya yi ajalinsa a 1852.

'Yan makaranta, ku yi koyi da idon Meri An. In kun tsinci baƙon abu a gona, kada ku jefar, kada ku sayar wa dillali. Ku lura da wurin, ku nuna wa malaminku. Mu kuwa matan aure, in maigida ya kama wani buri, mu taya shi kamar yadda ta yi, amma mu yi magana tun rumbu bai zama wayam ba. Ku ma iyayengiji, na san kuna leƙa filin nan: wanda ya ke neman suna a waje kada ya manta da wadda ta riƙe masa fitila a gida.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.