Barbaɗa ko Yayyafa? Yadda Mutanen Denmak da Norwe Ke Faɗa

Ka taɓa lura cewa ba ka yayyafa gishiri a miya, barbaɗa shi kake yi? Ruwa ake yayyafawa, maganin sauro a fesa, hatsi kuma a watsa wa kaji. Wato harshe yana duba abin da ke hannunka kafin ya ba ka kalma. Harsunan Denmak da Norwe ma haka suke, kuma rabonsu ya yi kama da namu sosai.

Mu fara da busasshen abu. Duka biyun suna da strø, wato ka barbaɗa abu da hannunka, kamar yashi ko gishiri. A Norwe, lokacin sanyi, idan ƙanƙara ta sa hanya santsi, da wannan kalma ake maganar zuba mata yashi, shi ya sa suke kiran yashin strøsand. Asalinta ɗaya da streuen na Jamusanci, har ma da strå, wato kara ko ciyawar da ake shimfiɗa wa dabbobi.

Sai drysse, wadda ta fi ban sha'awa. Za ka iya drysse sukari a kan kek, amma abu ma yana iya yin hakan da kansa, ba hannun kowa. Idan ganyen bishiyar Kirsimeti ya bushe ya fara kakkaɓewa, drysser suke cewa.

Ruwa kuwa nasa daban ne. Yayyafawa ita ce stænke a Denmak, stenke a Norwe. Fesawa kuma sprøjte da sprøyte, kuma sunan sirinjin allura ke nan. Idan kuma baza abu ake nufi ya kai ko'ina, kamar taki a gona ko labari a gari, sai sprede da spre.

Ka ga bambancin bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba? Dalili shi ne tarihi. Ƙasashen biyu sun kasance ƙarƙashin sarki ɗaya daga 1380 zuwa 1814, kuma Bokmål, rubutun da yawancin 'yan Norwe ke amfani da shi, daga rubutun Denmak ya samo asali.

To me ya shafe ka? Turanci yana haɗa gishiri da ruwa a kalma ɗaya, sprinkle. Duk fassarar da ta bi ta Turanci kafin ta iso Hausa, ta mutum ce ko ta na'ura, tana iya rasa wannan bambanci a hanya. Idan ka ci karo da irinta, tambayi kanka tukuna: abin nan gari ne ko ruwa?