Ka Karanta Tarihi ko Hausa, Sai Me?

Duk wanda ya ce zai karanta Tarihi, Hausa ko Larabci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tambaya ɗaya ake masa a gida: "To, wane aiki za ka samu?" Mu 'yan poli ma mukan yi musu tsiya.

Koyarwa ce hanya mafi kusa, kuma ba abin raini ba ce. Shehu Shagari ya riƙe alli kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Sai dai digirin kaɗai bai isa ba, sai ka ƙara da PGDE, ka yi rajista da TRCN.

Ni dai a fassara na fi hango dama. Kotu na buƙatar tafinta, gidan rediyo na son mai juya labari nan take, masu rigakafi kuma na neman saƙon da manomi a Shagari zai gane. Ga tsofaffin rubuce-rubuce: Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, nan ƙasar Boɗinga, yana karantarwa yana rubutu. Irin waɗannan takardu, a wurare kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, sai mai ajami da Larabci, wanda kuma ya iya kwamfuta.

Guraben gwamnati kam kaɗan ne, shi ya sa wasu ke karɓar fassara ta intanet, ana biyansu kan kowace kalma.