Yadda kiɗan tsofaffin wasannin gem ya koma hannun makaɗan metal

Duk wanda ya taso yana buga Super Mario Bros. a ƙaramar na'urar da ake jonawa da talabijin ana saka mata kaset, a Maraɗi ko a Kano, da ya ji kiɗan zai gane shi. A yau wasu makaɗa suna sake kaɗa irin waɗannan amo da jitar lantarki da ganguna, a salon metal, wato kiɗan nan mai ƙarfi da rugugi da ya samo asali a Ingila a wajajen 1970.

Dalilin da ya sa abin ya dace yana cikin na'urar kanta. Famicom ta kamfanin Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, hanyoyin sauti biyar kawai take da su. Biyu suna ɗaukar karin kiɗan, ɗaya tana ba da murya mai kauri, ɗaya kuma tana fitar da ƙara mai kama da bugun ganga, sai ta biyar da ke kunna gajerun sautukan da aka naɗa. Wannan rabo ya yi daidai da tsarin ƙungiyar metal: jita biyu, jita mai kaurin murya da mai ganguna. Ƙarancin kayan aiki ne ya tilasta wa irin su Koji Kondo, wanda ya tsara kiɗan Mario a 1985 da na Zelda a 1986, dogaro da kari mai saurin shiga kunne.

A 2002, Nobuo Uematsu, mai kiɗan Final Fantasy, ya kafa ƙungiyar The Black Mages da abokan aikinsa, suka fitar da faifai uku kafin su watse a 2010. A Amurka kuwa akwai Powerglove ta birnin Boston, wadda ta ari sunanta daga wata safar hannu ta wasan Nintendo.

Sai dai haƙƙin mallakar kiɗan yana hannun kamfanonin wasannin. A 2022, tashar GilvaSunner ta YouTube ta rufe bayan Nintendo ya sa an toshe dubban bidiyonta na ainihin kiɗan wasannin. Don haka duk matashin da ke son sake kaɗa irin wannan kiɗa ya sayar, sai ya fara neman lasisi.